Tauraron Ɗan Adam da Ganyen Gero: Wa Zai Faɗa Mana Yunwar Shuka?



Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Kongolam a watan Yuli ya ga gero iri biyu: wani kore shar, wani kuwa ganyensa na ƙasa ya yi rawaya. Wannan rawayar yawanci yunwar naitirojin ce, sinadarin da manomi ke saye a buhun yuriya, wadda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne. Tambayarmu ita ce: da wane ido ya kamata a gane yunwar tun kafin lokacin zuba taki ya wuce?

Ido na farko yana sama. Tun 1972 Amurka ta harba Landsat, Turawa kuma suka harba Sentinel-2 a 2015, wanda ke ɗaukar hoton wuri guda duk bayan kwana 5, kowane ɗigo na hoton yana wakiltar fili mai mita 10 a tsaye da mita 10 a kwance. Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, ya mayar da wani hasken da idonmu ba ya gani, da wannan bambanci ake auna korensa. Daga ofis, kyauta, ma'aikaci zai ga dukan masarautar.

To, amma gonar Kongolam ba gonar Bature ba ce. Gero ne a warwatse, wake a tsakani, farin rairayi yana leƙowa ta ko'ina, duk cikin ɗigo ɗaya. Wake kuwa yana samo naitirojin daga iska, sai korensa ya rufe asirin geron da ke jin yunwa. Sa'an nan a tsakiyar damina, lokacin da ake bukatar hoton, hadari ne ke rufe sama. Mafi muni ma, yunwar tana farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa, tauraro kuwa na sama yake gani.

Ido na biyu yana hannu. Na'urar SPAD tana matse ganye ɗaya ta ba da lamba nan take, ba ruwanta da gajimare. Malamin gona mai riƙe da ita zai duba ya ga ko rawayar ta ƙuduji ce ko ta fari, abin da hoto ba zai rarrabe ba. Illarta ita ce tsada da tafiyar ƙafa. Mutum ɗaya gona nawa zai zagaya kafin gero ya yi bununi?

Ra'ayinmu shi ne tauraro ya nuna ƙauyen da za a fara zuwa, ganyen da aka riƙe a hannu ya yanke yawan taki. Cikinmu akwai waɗanda gobe za a damƙa wa rabon taki a ƙaramar hukumar Mai'aduwa. In suka raba da taswira kaɗai, manomin da ya haɗa gero da wake shi za a ce bai bukata.