Yaranmu da Wayar Hannu: Jawabi ga Iyaye a Madadi



A gidajenmu yau, yaro na fara kuka sai mu miƙa masa waya don ya yi shiru. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 kallon waya ko talabijin. Ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Saboda haka mu fara ajiye namu wayoyin lokacin tuwon dare, mu koma ga tatsuniya da sujadar iyali. Ranar haihuwar yaro kuwa, kada mu ci bashi don biki. Addu'ar godiya da ɗan abinci sun isa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ubangiji ya taimake mu. Amin.