Amsoshin Wasiƙunku: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin rani a yankin Bunkure. Ya ce ya binciko tsohuwar takardar gonar mahaifinsa, sai ɗansa da ke sakandare ya ga an rubuta "shewn", ya ce ai babu wannan kalma a Turanci, wai takardar jabu ce.

To malam, kwantar da hankalinka. "Shewn" tsohon rubutu ne na "shown", wato an nuna. Ana yawan ganinsa a takardun zamanin Turawa, saboda haka wannan kalma kaɗai ba ta mai da takarda jabu. Haka "gaol" da "jail", duk gidan yari ne. "Plough" da "plow" kuma duk garma ce, na farko rubutun Ingila, na biyu na Amurka. Waɗannan ba sa cutar kowa.

Masu cutarwa su ne kalmomin da suka yi kama amma ma'ana ta bambanta. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ya iso Kadawa da Kura da Bunkure, gona ta yi daraja, takardu kuma suka yawaita. To ku buɗe kunne.

"Lease" haya ce, in wa'adi ya cika gonarka ta dawo hannunka. "Release" kuwa sakin haƙƙi ne. Haruffa biyu kacal suka raba su, amma suna iya raba mutum da gadon ubansa.

Sai 'yan kasuwar shinkafa da alkama. "Tonne" kilo 1,000 ne, wato buhu goma mai kilo ɗari-ɗari. "Ton" na Ingila kilo 1,016 ne, na Amurka kuwa kilo 907. Kun ga an kusa cin buhu guda ke nan. Ku sa a rubuta kilo ƙarara.

Kada kuma a haɗa muku eka da hekta. Hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi.

Shawarata, malam, kada ka dangwala yatsa a takarda sai mutum biyu sun karanta maka ita, kowa daban. Yaron kuma kada ka yi masa faɗa, ya kyauta da ya duba.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.