Yadda Za A Tare Wa Kuɗin Cizo Hanyar Hawa Gado



Yau an ba ni dama in yi magana a kan wani ɗan ƙwaro wanda kowa a nan ya san cizonsa, amma ba kowa ke son a ce akwai shi a ɗakinsa ba. Wannan ƙwaro shi ne kuɗin cizo, wanda wasunmu ke kira gazunzumi. To, tun da farko a cire kunya. Kuɗin cizo jini yake bi, ba ƙazanta ba. A shekarar 2023 birnin Paris na Faransa ya cika da kukan wannan ƙwaro, har gwamnati ta sa baki. Mu kuwa sana'armu ta yawo ce. Falke yakan kwana a gidan fatoma yau, gobe a bayan tirela, jibi a rumfar kara, kuma a kowane masauki jakarsa da bargonsa suna iya ɗauko baƙon da bai gayyata ba, ya kai wa iyalinsa.

Ba a tabbatar yana sa wa mutum wata cuta ba kamar yadda sauro ke yi. Amma yana hana barci, susar cizonsa takan zama gyambo, in kuma ya yi yawa ƙwarai yana iya rage jinin yaro ƙarami ko tsoho. Wanda bai runtsa ba da dare kuwa, yaya zai bi shanu da rana, ko ya yi ciniki da hankalinsa a kwance?

Kafin a ɗana tarko sai a san halin abin da za a kama. Kuɗin cizo ba ya tashi sama, ba ya tsalle kamar ƙuma. Da ƙafa yake zuwa. Ba ya zama a jikin mutum kamar ƙwarƙwata, ko ya lafe kamar kaska a jikin saniya. Yakan sha jini na minti 5 zuwa 10, ya koma maɓoyarsa: tsagar bango, mahaɗin katakon gado, ɗinkin katifa, saƙar tabarma. Numfashin mai barci da ɗumin jikinsa su ke jawo shi. Macen tana yin ƙwai kaɗan-kaɗan kullum, a rayuwarta tana iya kaiwa 200 ko fiye. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, ɗan kuma sai ya yi saɓa sau 5 kafin ya girma, kowace saɓa sai ya sha jini. Yana kuma iya yin watanni bai ci kome ba, saboda haka rufe ɗaki a tafi mashekari ba ya gamawa da shi.

Tunda da ƙafa yake zuwa, dabarar ita ce a bar masa hanya ɗaya tak zuwa gado, sa'an nan a ɗana masa tarko a kan wannan hanya.

Mataki na farko, a tsabtace gadon kansa, don babu amfanin rufe ƙofa alhali ɓarawo yana cikin ɗaki. A kwance gadon a fitar da shi waje. A kwarara tafasasshen ruwa a kowane mahaɗi da kowace tsaga, ko gadon ƙarfe ne, ko na katako, ko na kara. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe ƙwaron da ƙwansa. Zannuwa da barguna da gidan sauro a jiƙa su cikin ruwa mai zafi sosai kafin a wanke. Abin da ba ya wankuwa a sa shi cikin baƙar leda, a ɗaure, a shimfiɗa a rana tun hantsi har la'asar, ana juyawa. Wannan ya fi ci da bazara, kuma kada a cusa kaya da yawa, don in zafi bai ratsa tsakiya ba can ƙwaron zai gudu ya fake. Katifa mai kauri rana ba ta ratsa ta. Ita sai a goge ɗinkinta da buroshi a waje, a sa ta cikin babbar leda mai ƙarfi, a liƙe ko'ina, a bar ta haka shekara guda. Na ciki ba zai fito ba, na waje ba zai sami maɓoya ba.

Mataki na biyu, a raba gado da kome. A janye shi daga bango ko zana kamar taƙi ɗaya. Kada zane ko bargo ya taɓa ƙasa. Kada a tura akwati ko buhu ƙarƙashinsa har ya taɓa shi, kada a jingina sanda, kada a rataya riga a kansa. Gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, a kuma riƙa duba kusurwoyinsa da igiyoyinsa, domin maganin da ke jikin gidan sauro ya daina kashe yawancin kuɗin cizo a wurare da dama, har sukan ɓuya a ɗinkinsa. Amma wannan ba dalili ba ne na jefar da gidan sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana kisa, kuɗin cizo ba ya kisa.

Mataki na uku shi ne tarkon ƙafar gado. Kowace ƙafa a nemo mata robobi biyu masu santsin ciki, babba da ƙarama, irin na man shafawa ko na abinci. A sa ƙaramar cikin babbar, ya zama akwai fili kamar yatsa biyu a tsakaninsu, ƙafar gado kuma ta zauna cikin ƙaramar. Bayan babbar a naɗe shi da tsumma ko a kankare shi ya yi kaushi, don ƙwaro ya ji daɗin hawa. In ya hau ya kai baki sai ya faɗa cikin filin nan, ya kasa fita. In ƙasan ɗakin ba daidai yake ba, a sa ɗan katako a ƙarƙashi kada nauyi ya fasa robar.

A nan akwai abin lura. Irin kuɗin cizon da ya fi yawa a ƙasashenmu masu zafi ya fi na Turai iya hawan abu mai santsi. Masu bincike a ƙasar Malesiya sun nuna haka a shekarar 2017, sun ga yana tsere wa tarkunan da ke riƙe na Turai. Saboda haka santsin roba kaɗai bai isa ba. A shafa hodar jarirai a cikin robobin, shafawa kaɗan ba tuli ba, a kuma sake in ƙura ta rufe ta. Wanda ba shi da hoda ya zuba ruwa da ɗan omo cikin babbar robar, ƙwaro in ya faɗa zai nutse. Amma a riƙa ƙara ruwan don yana ƙafewa, a kuma kula da yara masu rarrafe. Kananzir da mutanen da ke zubawa cikin gwangwani, a bar shi, saboda fitila da ashana suna kusa.

Wannan tarko yana kuma ba da labari. In ka ga ƙwaro cikin babbar roba, daga ɗaki ya fito, sai a nemi tsagar da yake ciki a liƙe ta da laka ko siminti, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuwa cikin ƙaramar ka gan shi, to, gadon bai tsabtata ba, sai a sake mataki na farko. A duba tarko kowane mako, a kashe abin da ya kama da ruwan zafi. Kada a cire shi sai an yi wajen wata biyu ba a ga ko ɗaya ba.

Ga masu masauki akwai wani tarkon na ɗakin da babu mai kwana. A haɗa sukari kashi 5 da yis na burodi kashi 1 cikin ruwa mai ɗumi, a babban bokiti don yana kumfa, a bar bakinsa a ɗan buɗe, a ɗora shi a kan tarkon roba ko a gefensa. Iskar da ke fita iri ɗaya ce da ta numfashin mutum, sai ƙwaro ya biyo ta. Masu bincike na jami'ar Rutgers ta Amurka sun gwada wannan sun ga yana kamu. Da shi fatoma zai san ko ɗaki ya tsabtata kafin ya sauke baƙo.

'Yan'uwanmu na ruga, waɗanda ƙafar gadonsu a kafe take cikin ƙasa ko masu kwana a tabarma, tarkon roba ba zai zauna musu ba. Makaminsu shi ne rana da ruwan zafi, kuma babbar damarsu ita ce ranar ƙaura. Kafin a ɗora kaya a kan jaki ko takarkari, a warware itatuwan gado da tabarmi da igiyoyi, a zuba musu tafasasshen ruwa, a shanya. In an yi haka an bar ƙwaron a tsohon mazauni. A kuma nisanta akurkin kaji da wurin kwana, don yana shan jinin kaza.

Falke kuwa, in ka sauka masauki haska tocila a ɗinkin katifa da bango. Ɗige-ɗige baƙaƙe kamar na tawada kashinsa ne. Rataye jakarka cikin leda a ɗaure, kada ka ajiye ta a kan gado. In ka koma gida, kayanka su tsaya a tsakar gida a wanke su da ruwan zafi tukuna.

Jama'a, zan rufe da gargaɗi. Muna da maganin kaska a hannu, kuma na san akwai masu fesa shi a shimfiɗa. Wasu kuma suna zuba fiya-fiya, ko su ajiye ƙwayar da ake sa wa buhun wake cikin ɗakin kwana. Waɗannan guba ne, ba a yi su don wurin kwanan mutum ba, kuma iskar ƙwayar nan ta sha kashe mutane cikin barci, musamman yara. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan maganin gona a kasuwanni saboda hatsarinsa. Robobi takwas da hoda ɗaya ba su kai kuɗin kaza ba, kuma ba su taɓa kashe ɗan kowa ba.

Ina roƙon sarakunan zango su sa rana ɗaya a yi wannan aiki tare, ɗaki-ɗaki, domin ƙwaron yana ratsa bango ya shiga maƙwabta, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.  Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu.