Bayan an Yanke Ƙafa, Ina Filin Wasa?

 

An nemi in yi magana a kan wasanni ga waɗanda aka yanke wa ƙafa ko hannu. Zan faro da wasan da ba a taɓa bugawa a nan Gwale ta Kano ba, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara. A yi mini haƙuri, za a ga inda na dosa.

A farkon shekarun 1960, a wata cibiyar kula da naƙasassu da ke Sitokholm, babban birnin Suwidin, akwai waɗansu mutane da suka tashi suna wannan wasa, sai lalura ta hana su tsayuwa. Suka ƙi haƙura. Suka ƙera wani ɗan gado na ƙarfe, suka ɗaura masa kaifi biyu a ƙasa irin na takalmin ƙanƙara, suka bar sarari yadda ƙwallon za ta wuce ta ƙarƙashinsa. Mutum ya zauna a kai, ya riƙe gajerun sanduna biyu. Kan sandar ɗaya yana da haƙoran ƙarfe da ake cakawa a ƙanƙara a tura jiki gaba, ɗaya kan kuma da shi ake dukan ƙwallo. A kan wani tafki da sanyi ya daskarar suka fara. Kafin 1969 ƙungiya biyar ke gasa a Sitokholm, har da masu ƙafa lafiyayyu suna zama a gadon a fafata da su. A 1994, a garin Lillehammer na Norwe, wasan ya shiga gasar Olamfik ta naƙasassu ta lokacin sanyi. Yau Amurka ce gwanar wasan, kuma cikin 'yan wasanta akwai tsofaffin sojoji. Josh Sweeney, wanda bam ya raba shi da ƙafafunsa biyu a Afganistan a 2009, shi ya ci wa Amurka ƙwallo ɗaya tilo da ta doke Rasha da ita a wasan ƙarshe a Sochi a 2014.

Wahalhalun wasan su ne abin lura. Mazaunin gadon sai an auna shi daidai da jikin mai shi, domin idan ya yi sako-sako dungun yana gogar ƙarfe ya yi gyambo. Duk aikin da ƙafa take yi ya koma kan kafaɗa, saboda haka ciwon kafaɗa ba ya rabuwa da 'yan wasa. Filin ƙanƙara haya ake yi da awa, da tsada, kuma sau da yawa lokacin da ya rage bayan masu ƙafa sun gama shi ake ba su. Ƙofar shiga fili ma sai an sauke dokinta daidai da ƙanƙara kafin gadon ya wuce. Ku duba jerin nan da kyau. Kusan duk matsalar ta kayan aiki ce da fili da kuɗi. Shi kuwa mai ƙafa biyu a yanke, a kan wannan gado yakan fi wani saurin juyawa, don gadonsa ya fi gajarta, nauyinsa ya fi sauƙi.

To mu dawo gida. Abin da mutanen Suwidin suka yi, an yi irinsa a ƙasar nan ba tare da an kwaikwayi kowa ba. A 1988 Misbahu Lawan Didi, wanda shan inna ta taɓa shi da kansa, ya ƙirƙiro wasan da muke kira ƙwallon guragu. Ɗan katakon nan mai tayoyin boris da muke gani ana turawa a bakin danja, shi aka mayar kayan wasa. Ɗan wasa ya zauna a kai, ya sa silifa a hannu ya tura jiki, ya daki ƙwallo da hannu. Wanda bai taɓa kallo ba zai ɗauka abin tausayi ne, har sai ya ga gudun da ake yi da karon da ake sha. Kano na da ƙungiya mai ƙarfi a wannan wasa, an kuma saba shirya gasa a lokacin ranar yaƙi da shan inna ta duniya, 24 ga Oktoba. Wasan ya ƙetara har Nijar da Gana. Ina ganin ba mu ba wannan ƙirƙira darajar da ta cancanta ba, kuma hakan yana damuna ƙwarai, domin namu ne, a titunanmu aka haife shi.

Akwai wani sauyi da ya kamata mu shirya masa. Tun 2016 ba a sake samun asalin ƙwayar shan inna a Nijeriya ba, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ita. Alhamdu lillahi. Amma yanke ƙafa bai tsaya ba. Haɗarin babur da na A Daidaita Sahu yana nan. Ciwon suga yana nan, yana cin ƙafa daga ɗan yatsa. Sannan ga wanda ya fi ci mini rai: yaro ya faɗo daga bishiya ya karye, a kai shi ɗori, a ɗaure kara ya matse jijiya, jini ya daina gudana, hannu ko ƙafa ya yi baƙi, sai an ji wari a garzaya asibiti, lokacin babu abin da ya rage wa likita sai yankewa. Ba ina zagin maɗora ba ne, sana'a ce ta gado kuma akwai masu sani a cikinsu. Roƙona shi ne, yatsu suka kumbura ko suka yi sanyi ko suka sauya launi, a kwance ɗaurin a tafi asibiti a ranar.

Waɗannan matasa da aka yanke wa ƙafa ɗaya suna da nasu wasan ƙwallon ƙafa. A Siyatil ta Amurka wani mai suna Don Bennett ya faro shi a farkon shekarun 1980. Mutum bakwai ne kowane ɓangare. Shida masu ƙafa ɗaya, suna gudu da sandunan ƙarfe masu zobe a hannu, ba a sa ƙafar roba. Mai tsaron gida kuwa ƙafa biyu gare shi da hannu ɗaya. Minti 25 ake yi a juya, babu satar gida, kuma wanda ya taɓa ƙwallo da sanda da gangan, hukuncinsa ɗaya da wanda ya taɓa da hannu. Saliyo ta rungumi wasan bayan yaƙin basasarta, a Firitawun aka yi gasar Afirka ta farko a 2007. Ƙungiyar Nijeriya, Special Eagles, ta sha rasa zuwa gasar cin kofin duniya saboda rashin kuɗi, sai a 2018 ta samu zuwa Meziko, shi ma da karo-karon jama'a. Angola ce ta ɗauki kofin a wannan shekara.

Kada wani ya ce tsalle da ƙafa ɗaya baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar nan ya yi langa da farin wata. Yaro mai ƙafa biyu lafiya lau yakan naɗe ɗaya ya riƙe da hannu, ya yi ta ture abokan karawa don ruwansu ya sha, dandali ya ɗauki tafi. Idan haka ne, babu dalilin da zai sa mu ga wanda ƙaddara ta bar shi da ƙafa ɗaya mu ce ya zauna a zaure.

Kuma zaman zauren nan shi ne cutar ta biyu. Saurayin da ya saba fita atisaye da la'asar, an sallamo shi daga asibiti, 'yan dubiya sun yi sati biyu suna zuwa sun ɗauke ƙafa. Yana jin ciwo a ƙafar da babu ita, abin da likitoci suka sani sarai, amma idan ya faɗa a gida sai a ce iska ce. Tsokar cinya ta shanye, gwiwa ta ƙage, ƙiba ta zo, ranar da aka samu kuɗin ƙafar roba sai a tarar dungun ya ƙi karɓarta. Daga nan sai wani ya ba shi shawarar fita bara. Wasa yana tare wannan hanya tun daga farkonta. Yana ƙarfafa ƙafar da ta rage da kafaɗa da zuciya, yana kuma haɗa shi da wanda aka yanke wa shekara goma da suka wuce, ya yi aure, yana sana'arsa. Maganar irin wannan mutum ta fi tawa shiga kunnensa.

Batun ko za su iya kuwa, an riga an amsa shi. Adeoye Ajibola, mai hannu ɗaya a yanke, ya ciyo wa Nijeriya zinare biyu a tsere a gasar Olamfik ta naƙasassu a Basalona a 1992. A Landan a 2012 'yan wasanmu masu lafiya ba su samo lamba ko ɗaya ba, naƙasassu suka dawo da 13. A Riyo a 2016 masu lafiya tagulla ɗaya, naƙasassu lamba 12, takwas daga ciki zinare.

Me muke da shi a kusa? Asibitin Ƙashi na Dala maƙwabcinmu ne, tun 1959 yake aiki, kuma ana haɗa ƙafar roba a can. Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a ƙasar Gwale take, jami'ar kuma tana koyar da gashin ƙashi da ilmin motsa jiki. Ƙarfe yana kasuwar Ƙofar Ruwa. Masu walda da suke ƙera keken guragu, da yawansu su ma guragu ne, Aminu Ahmad Tudun Wada da abokan aikinsa sun daɗe da nuna haka. Wanda ya iya keke zai iya sanda mai zobe idan an ba shi samfur da awo. A nan sai a yi hattara: sandar katako ta hammata ba ta wasa ba ce, tana danne jijiyar hannu, tana kuma karyewa. Robar gindin sanda ita ce mai saurin cinyewa, ita ya kamata a saya da yawa a ajiye.

Doka ma tana bayanmu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara mashiga. Wa'adin ya cika. Filin wasa yana cikin wuraren jama'a, haka banɗakinsa.

Abin da nake nema a wannan zama ƙarami ne. Daɓen siminti mai santsi guda ɗaya, ba rami ba tsakuwa, don masu katako, da fili mai laushin ƙasa don masu sanda, a ware musu ranaku sanannu bayan la'asar, lokacin da jama'a za su iya tsayawa kallo. Gasar sau ɗaya a shekara da ake raba atamfa da shinkafa a ɗauki hoto ba ta gina ɗan wasa. Ina so duk wanda za a sallama daga asibiti bayan yanke ƙafa a haɗa masa da takardar magani wata 'yar takarda mai sunan fili da ranar atisaye. 'Yan mata da matan aure da aka yanke wa gaɓa sun fi kowa ɓuya a cikin gida, su a sama musu harabar makarantar mata mai katanga, da mai horarwa mace. Kuɗin mota zuwa fili shi ne yake fara kashe irin waɗannan ƙungiyoyi, saboda haka attajirin da zai taimaka ya fara da wannan kafin rigunan wasa.

Na hango shugabannin makarantu a cikinmu, kuma na san waɗansu filayen a rufe suke daga Alhamis da yamma. Ina roƙon wanda yake da irin wannan fili ya tsaya bayan an tashi, mu zauna da masu unguwa da wakilan Sarkin Guragu mu tsayar da rana.