Awa Nawa Ne Daga Kano Zuwa Jidda?



Abin da ya sa na zaɓi wannan magana, wata gardama ce da ta tashi a gidanmu lokacin da kawuna zai tafi aikin Hajji. Tikitinsa ya nuna jirgi zai tashi daga Kano da ƙarfe 10 na dare, ya sauka Jidda da ƙarfe 4:30 na asuba. Tsoho ya ƙirga awa shida da rabi a sama, ga shi da ciwon ƙafa, sai ya ce shi ya fasa. Da ƙyar aka shawo kansa.

To, ga yadda lissafin yake. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wanda aka buɗe a 1981, kimanin kilomita 3,400 ne in an miƙe sak, wato mil 2,100 da 'yan kai. Jirgin fasinja kuwa yakan ci wajen kilomita 850 a awa guda. In kun raba za ku sami awa huɗu, sa'an nan ku ƙara lokacin hawa da na sauka, ya zama kamar huɗu da rabi. Ina sauran awa biyun da suka tsorata kawu? Suna cikin agogo. Agogon Makka yana gaban namu da awa biyu, tikiti kuma da agogon garin da aka sauka yake magana. Shi ya sa a dawowa za ka ga kamar awa biyu da rabi kawai aka yi, alhali tafiyar tana nan yadda take, sai fa ɗan abin da iska ta ƙara ko ta rage.

Amma kada mu ɗauka jirgi kullum miƙewa yake yi kamar zare. Hanyar ta bi ta kan Cadi da Sudan kafin a tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka yi zagaye, mai ya ƙaru, lokaci ma ya ƙaru.

Wannan ƙasar da muke wucewa a kanta muna gyangyaɗi, ita ce kakanninmu suka taka da ƙafa da jakuna, suna yada zango suna noma don neman guzuri, har su kai Sawakin su shiga jirgin ruwa. Wasu sai sun shekara da shekaru. Wasu ba su dawo ba, jikokinsu na can Sudan har yau, a garuruwa irin su Mai Wurno. Jirgin sama bai fara sauka Kano ba sai a 1925.

Shi dai kawu ya je ya dawo lafiya, amma har gobe bai yarda cewa awa biyun nan ba a sama ya yi su ba.