Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Wuƙar Magagari Ta Karye?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Kongo, Zariya. Ya ce ya ƙera wuƙa da tsohon magagari, ya tsoma ta a ruwa, ta yi kaifi sai ka ce aska, amma ranar da ya sari ƙashi da ita sai ta ɓalle gida biyu, saura kaɗan ɓallin ya same shi a ido. Yana tambaya, laifin ƙarfen ne?

To malam, ƙarfenka ba shi da laifi. Magagari na ƙwarai yana ɗauke da sinadarin kabon, wato irin wanda ke cikin gawayi, kimanin kashi 1 cikin 100, shi ya sa yake cin sauran ƙarafa. Rabin aiki ka yi ka tsaya. Tsomawa tauri take bayarwa, amma tare da gautsi irin na kwalba. Sai an sake ɗumama wuƙa kaɗan gautsin ke fita.

Ga yadda za ka yi. Da farko ka gwada magagarin, domin akwai na araha da bayansu kawai ke da tauri. Gasa bakinsa ya yi ja, tsoma a ruwa, ka kau da fuska ka buga masa masaɓa. In ya ɓalle, na kirki ne. In ya lanƙwashe, kada ka ɓata gawayinka.

Sa'an nan ka gasa shi duka ya yi ja, ka binne cikin toka ya kwana, zai yi laushi. Goge haƙoran nan kaf, don daga gindinsu tsagewa ke farawa. In ka ƙera wuƙar, kada ka wasa bakin tukuna, bar masa kauri kamar milimita 1.

Wajen gashin tsomawa, nemi gawayin ƙirya, ka yi aikin a inuwa ko da almuru, don rana na ɓoye launin ƙarfe. Ajiye mayen ƙarfe kusa, ko na tsohuwar rediyo ma ya isa. Idan zafi ya kai wajen digiri 770, ƙarfe yakan daina kama shi. Da ka ga haka, ƙara ɗan zuga kaɗan, ka cire. Kada ka bari ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone ke nan.

Tsoma a man gyaɗa mai ɗumi cikin gwangwani, tsini ya fara shiga. Motsa sama da ƙasa, ban da gefe da gefe, don kada ta karkace. Ruwa na sanyaya siririn ƙarfe da gaggawa har ya tsage. Ajiye murfi kusa. In man ya kama wuta, rufe shi, kada ka zuba ruwa. In ta huce, goga mata sabon magagari. Idan ya zame bai ci ba, ta yi tauri.

Yanzu ga inda ka tsallake, kuma a ranar ake yinsa, ba a bari sai gobe. Goge wuƙar da dutse ta yi haske. Ɗora gadon bayanta a kan wani ƙarfe mai zafi, bakin yana sama, ka zuba ido. Launi zai riƙa tafiya daga baya zuwa baki. Da bakin ya yi launin busasshen kara, wato wajen digiri 220 zuwa 230, maza ka tsoma a ruwa. In bayan ya yi shuɗi babu laifi, ƙarin juriya ne. Amma in shuɗin ya kai baki, taurin ya ragu da yawa, sai an sake gashi daga fari. Ka goge, ka maimaita sau biyu, sa'an nan ka wasa a dutse da ruwa.

Abu na ƙarshe, wuƙa ta yanka ce. Ƙashi kuwa aikin gatari ne ko adda.

Allah ya sa albarka a sana'a.