Maɗaba'ar Jami'a da Bashin da Ke Wuyanmu

Jawabin da aka gabatar a taron malaman Batsari da Safana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Ranar da aka ce in yi magana a kan maɗaba'ar jami'a, wani abokin aikina ya yi dariya, ya ce, "Malam, mu da muke fama da ƙarin girma da bai zo ba, da ajin da babu rufi, da hanyar da ba a binta bayan la'asar, ina ruwanmu da injin buga littafi a Samaru?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma ita nake so in amsa a yau.

Mu fara da sanin abin da ake nufi. Ɗan kasuwa mai buga littattafai yakan tambayi kansa, "Mutum nawa za su sayi wannan?" Ba laifinsa ba ne, da haka yake ciyar da iyalinsa. Ita kuwa maɗaba'ar jami'a tambayarta ta farko ita ce, "Shin abin da ke cikin wannan rubutu gaskiya ne, kuma ya cancanci a adana shi?" Idan marubuci ya kai mata aikinsa, sai ta miƙa shi ga masana fannin su tantance, galibi ba tare da an gaya masa ko su wane ne ba. Su nuna kurakurai, su nemi hujja inda babu, wani lokaci su ce a mayar masa da abinsa. In aikin ya tsallake, sai kwamitin maɗaba'a ya amince, a tace harshe, a tsara shafuka, a karanta gwaji, sannan a buga. Sau da yawa kwafi kaɗan ake bugawa, domin masu sayen irin waɗannan littattafai ba su da yawa. Abin da aka samu na rara kuma asalin manufarsa shi ne ya koma cikin buga wani littafin. Tsarin ya daɗe a duniya: tun 1534 Sarkin Ingila Henry na Takwas ya ba Jami'ar Cambridge izinin buga littattafai, kuma har yau tana yi.

A ƙasarmu ta Arewa, tun kafin a yi jami'a an yi hukumomin da suka ɗauki wannan nauyi. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. Ita ta shirya gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Ina so ku lura da wani abu a nan. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malami ne a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauchi. Uku daga cikin biyar, ke nan, daga hannun masu riƙe da alli suka fito, mutanen da suke duba aikin ɗalibai da rana, su yi nasu rubutun da dare a gaban fitila.

Daga nan aka sami jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a 1945, da Hukumar NORLA wadda ta wadata azuzuwan Yaƙi da Jahilci da ƙananan littattafai a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC a 1966. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a 1962, kuma a cikin shekarun 1970 ta kafa tata maɗaba'ar a Samaru. Dalilin a fili yake. Malamanta sun fara bincike mai zurfi a kan ƙasarmu, amma wanda ya gama sai ya nemi mai buga masa a Ingila ko Amurka, in an buga kuma littafin ya dawo da tsadar da ɗalibinsa ba zai iya saye ba. Saura da yawa suna nan a kan kanta a ɗakin karatu, ƙura na cin su.

Littattafai uku zan ambata daga cikin abin da maɗaba'ar nan ta fitar, domin kowanne ya shafe mu kai tsaye.

Na farko shi ne littafin marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a kan sauye-sauyen da aka yi a ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981. Shi ma ya koyar a Kwalejin Barewa kafin ya koma jami'a. Bai tsaya ga takardun Turawan mulki ba. Ya karanta rubuce-rubucen malamanmu na Larabci, ya kuma bi garuruwa yana zama gaban dattawa yana rubuta abin da suka ji daga kakanninsu. Da haka ya nuna yadda tsarin sarauta ya ginu, da abin da ya kayar da shi, da yadda mulkin da ya biyo bayan jihadi ya kafu. Dattawan da ya zauna da su kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ma ya rasu a 2005. Amma maganarsu tana nan, domin an buga ta.

Na biyu shi ne littafin Farfesa Mahdi Adamu na 1978 a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, wanda ya bi sawun fatakenmu da malamanmu har ƙasar Gwanja, inda ake sayo goro. Yaron da ya san cewa kakanninsa sun kai haja da ilmi har can ba zai yarda a ce masa ƙauyensa ƙarshen duniya ne ba.

Na uku ƙamus ne, ko in ce ƙamus biyu. Babban ƙamus na Bargery, mai shafi fiye da 1,000, ya fito a 1934, ya ƙare a kasuwa har ya zama sai wane da wane ke da shi. Maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993. A cikinsa za ku ga kalmomin da aka yi wa alamar cewa Katsinanci ne, wasu har yanzu kakanninmu mata na faɗinsu, 'ya'yanmu kuwa ba su taɓa jin su ba. Sannan a 2006 ta buga Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ke bayyana Hausa da Hausa. Duk malamin Hausa da ya taɓa tsayawa gaban aji yana shakkar ma'anar wata kalma ya san darajar wannan aiki.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi gogayya da littattafan soyayya na Kano wajen ciniki, kuma ban faɗi haka don in rage wa marubutansu daraja ba, domin sun sa mata da matasa da yawa karatu. Abin da nake nufi shi ne, akwai littafin da kasuwa ke ɗauka da kanta, akwai kuma wanda sai an tallafe shi. In ba a tallafe shi ba, ba zai taɓa fitowa ba.

Tallafin kuwa ya yi wuya. Tun da darajar naira ta faɗi bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda da tawada da kayan gyaran inji suka yi tsada, domin daga waje ake sayo su. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe. Masu satar fasaha suna buga jabu su karya farashi. Asusun TETFund yana da shirin taimaka wa malaman manyan makarantu su mayar da bincikensu littafi, kuma abin a yaba ne, amma littafin da aka buga a Zariya bai cika isowa Batsari ba. Ina tambaya, cikin makarantunmu nawa ne ke da ko ɗaya daga cikin waɗanda na ambata?

Yanzu bari in koma ga tambayar abokina. Kowa a nan ya san abin da ya sami ƙauyukanmu na bakin Dajin Rugu. Mun ga garuruwan da suka watse, mun ga makarantun da suka zama masaukin 'yan gudun hijira, kuma ba mu manta da abin da ya faru da ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamban 2020 ba. Ana ƙidaya rayuka da shanu da buhunan hatsi da aka rasa. Akwai wata asarar da ba wanda ke ƙidayawa.

A ƙauyen da na fara koyarwa akwai wani dattijo da ya san sunayen masu garin tun daga na farko, da inda kowace zuriya ta taso, da shekarun yunwa da sunan da aka raɗa wa kowace, da dalilin da ya sa aka bar tsohon kufai. Ya sha ce mini in zo da littafi in rubuta. Kullum sai in ce masa sai an yi hutu. Da aka tayar da garin ya dawo cikin Batsari wurin jikarsa, bai yi shekara ba ya rasu. Na je gaisuwa da littafin a aljihuna, babu ko layi ɗaya a ciki. Da na sani ƙeya ce. Yau 'ya'yan garin suna warwatse, wasu an haife su a gudun hijira, ba su san ko sunan unguwar kakansu ba.

Maɗaba'a ba ta ƙirƙirar ilmi, abin da aka kai mata take bugawa. Masanin da zai rubuta tarihin Ruma da Runka da Wagini nan da shekara talatin, a ina zai sami abin dogaro in mu ba mu rubuta ba? Babu ma'aikacin da ya kai malamin firamare shiga lungu. Mun iya rubutu, mun san mutanen, sun kuma yarda da mu. Saboda haka nake gabatar wa wannan taro shawarwari uku.

Na ɗaya, kowane reshe ya tanadi ƙaramin ɗakin karatu, ko da kabad ɗaya ne a ofishin ƙungiya, a sayo waɗannan littattafai na asali daga maɗaba'a, a riƙa ba mambobi aro da rajista. Sayen na asali shi ne gudummawarmu ga littafin da zai biyo baya.

Na biyu, kowace makaranta ta ware littafi guda mai ƙwarin bango don tarihin garinta. Malami ya zauna da dattawa maza da mata, ya rubuta sunan mai ba da labari in ya yarda, da shekarunsa, da ranar da aka yi hirar, da wanda ya ji labarin daga gare shi. A rubuta yadda aka faɗa, kada a gyara Katsinanci ya koma Hausar littafi. In biyu sun saɓa, a rubuta duka. Wanda ke da waya ya ɗauki murya, a kuma ajiye kwafi a wani gari daban. Kada kowa ya jefa kansa cikin haɗari, dattawan da yawa suna nan cikin gari tare da mu. Abin da zai iya jawo wa mai faɗinsa fitina kuma a sakaya sunansa.

Na uku, in abin ya taru, shugabanninmu su nemi malaman tarihi da na Hausa a Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, su duba mana, su nuna mana hanyar kai shi maɗaba'a. In masana suka mayar mana da shi don gyara, kada mu yi fushi. Mu ma haka muke yi wa ɗalibanmu da jan biro.

'Yan'uwa, neman haƙƙinmu na albashi da ƙarin girma da tsaron makarantu yana nan, ba za mu sassauta ba. Wannan ƙari ne a kansa, kuma ba ya jiran sa hannun kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma littafin rubutu ɗaya da biro ɗaya ba su fi ƙarfin kowannenmu ba. Ina roƙon kafin taronmu na gaba, kowane shugaban makaranta ya zo da shafi ko da biyar ne.

Allah ya jiƙan malamanmu da dattawanmu da suka rigaye mu, ya dawo mana da zaman lafiya a Batsari da Safana da ƙasa baki ɗaya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci.